Yadda Ake Zaɓen Dukushin da Zai Zama Dokin Diresaj

A dokar hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, doki ba ya shiga gasar Grand Prix, wadda ita ce ƙololuwar diresaj, sai ya cika shekara 8. Ke nan wanda ya sayi dukushi ɗan shekara 3 ya ɗauko aikin shekara biyar a ƙalla, kuma yawanci abin yakan kai bakwai kafin dokin ya nuna. A tsawon wannan lokaci za a ciyar da shi, a yi masa kofato, a biya mai horarwa, a kira likita, alhali zaɓen da aka gina komai a kansa an yi shi ne cikin awa ɗaya ko biyu a bargar wani.

Diresaj, wanda wasu ke ce wa rawar doki, wasa ne da ake yi a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20. Mahayi yana bi da doki ta wasu motsi da aka tsara, alƙalai suna ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Yana cikin wasannin Olamfik tun 1912, kuma kasuwar dawakinsa tana Jamus da Holan da Denmak. Abin da ya fi cinye kuɗin masu saye a wannan kasuwa shi ne sassarfa mai ɗaukar ido. Ita ake nunawa a bidiyo, ita ake tafa wa a wurin gwanjo, kuma cikin takun doki uku ita ce horo ya fi iya gyarawa. Tafiya da ƙaramar sukuwa da hali da lafiyar ƙafa, waɗannan da su doki yake zuwa, don haka a kansu ya kamata kuɗinka ya tafi.

Mataki na farko: wa zai hau, ina kuma dokin zai zauna

Kafin ka kalli doki ko ɗaya, ka faɗa wa kanka gaskiya game da mahayin. Dukushin da ƙwararre ke nema, mai zafin jini, wanda ƙafa na taɓa haƙarƙarinsa zai zabura, shi ne wanda zai jefar da mai hawa sau uku a mako. Idan kai ne za ka hau kuma ba ka taɓa fara horar da doki daga tushe ba, to lissafinka ya haɗa da kuɗin ƙwararren da zai riƙa hawansa mafi yawan kwanakin mako na shekara biyu ko uku. Idan kuɗin bai kai nan ba, ka nemi doki mai shekara 6 ko 7 da ya san aiki, ko da bai kai wancan kyau ba.

Sai maganar wurin zama, kuma ga mai karatu da ke Kano ko Kaduna ko Yamai wannan ita ce babba. Cutar dawakin Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, tana nan a yankinmu, kuma takan kashe mafi yawan dawakin da suka kamu idan jikinsu bai taɓa saninta ba. Masu shigo da dawakin folo daga Ajantina sun san wannan sarai. Akwai rigakafi, amma dole a haɗa da barga mai raga da shigar da doki kafin rana ta faɗi. Akwai kuma dawakin ƙasashen sanyi da idan suka zo ƙasa mai zafi gumi yake ɗauke musu. Ban da haka, dokin da ya shigo ƙasar da ke da wannan cuta, mayar da shi Turai gasa babban aiki ne saboda tsaurin ƙa'idojinsu. Shi ya sa 'yan Afirkan da suka kai Olamfik a diresaj, irin su Yessin Rahmouni na Maroko a 2012 da Tanya Seymour ta Afirka ta Kudu a 2016, a Turai suke zaune da dawakinsu a lokacin. In gasar duniya ce burinka, can dokin zai zauna. In kuwa horon kake so don kanka, dokinmu na gida mai jinin Barb da Dongola, mai gajeren baya da saurin fahimta, yana iya koyon abubuwa da yawa, kuma duk abin da ke ƙasa game da taku da hali da lafiya ya shafe shi.

Mataki na biyu: shekara nawa

Ɗan goɗiya mai wata biyar ko shida ya fi araha, amma cinikin biri a sama ne. Ba ka san tsayin da zai kai ba, ba ka san yadda zai karɓi sirdi ba, hoton ƙashinsa ma bai gama faɗin gaskiya ba, ga ciyarwar shekara uku kafin kowa ya hau shi. Makiyayan Turai sukan ce a duba doki yana da kwana uku, da wata uku, da shekara uku, domin a tsakanin nan jikinsa yakan rikice: yau kuturi ya fi kafaɗa tsawo, gobe wuya ya zama siriri. Ɗan shekara ɗaya ko biyu sai gwanin ido.

Ga yawancin mutane, ɗan shekara 3 da rabi zuwa 4 da aka fara hawa 'yan watanni ya fi dacewa. Ka ga takunsa da mutum a bayansa, ka ji bakinsa a hannunka, kuma ba a daɗe ana ɓata shi ba. Ka tuna cewa a lissafin gasa a Turai duk dawaki suna ƙara shekara ne ranar 1 ga Janairu, don haka wanda aka haifa a Fabrairu da wanda aka haifa a Yuli sa'o'i ne a takarda, amma a jiki akwai rata. Haƙori yana taimakawa wajen tabbatarwa: haƙoran gaba na tsakiya suna famfara wajen shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi.

Ɗan shekara 4 da aka ce maka ya riga ya iya sauya ƙafa a iska, wato canja ƙafar da ke jagora yana cikin ƙaramar sukuwa, har yana taɓa sassarfa a tsaye wuri guda, ni tsoro yake ba ni. Ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 6. Wani ya yi gaggawa don ya sayar, kai ne za ka biya kuɗin likita.

Mataki na uku: takardar asali

Jinsunan da suka mamaye wasan su ne na Hanoba da Oldenbag da Westfaliya da Trakehner a Jamus, KWPN a Holan, da na Denmak. A takardunsu za ka yi ta cin karo da sunayen ingarmu kaɗan: Donnerhall da ɗansa De Niro, Rubinstein, Florestan, Weltmeyer, Sandro Hit, Jazz, Ferro da ɗansa Negro, Gribaldi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, amma ingarman da ya shahara yana iya haifar ɗaruruwan 'ya'ya a shekara guda, kuma ba duka ne suke gadonsa ba. Sunan uba shi ake sayarwa. Kai ka tambayi uwa: me ta yi, me sauran 'ya'yanta suka yi, akwai wanda ya kai shekara 12 yana gasa lafiya? Ka kuma tambayi masu hawa yadda 'ya'yan wannan ingarma suke a ƙarƙashin sirdi. An san 'ya'yan Jazz da hazaƙa da kuma saurin firgita, an san zuriyar Donnerhall da Rubinstein da sauƙin kai. Irin wannan bayani ya fi maka amfani a kan jerin kofuna.

Takarda da hukuncin masana duk suna kuskure. Valegro, ɗan Negro da aka haifa a 2002, bai tsallake tantancewar ingarmu ta KWPN ba. Carl Hester, mahayi ɗan Birtaniya, ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito fam 4,000 ne, aka fiɗiye shi, daga baya Charlotte Dujardin ta ci zinare da shi a Landan a 2012 da Riyo a 2016, ta kuma kafa tarihin maki 94.3 cikin ɗari a Disambar 2014. Shi ba dogo ba ne sosai, abin da yake da shi ƙaƙƙarfan kuturi ne, da ƙaramar sukuwa mai kyau, da kan da ba ya rikicewa. A ɗaya gefen ga Totilas, wanda aka sayar a 2010 a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai kusan Yuro miliyan 10, amma rauni ya hana shi maimaita nasarorin da ya samu da tsohon mahayinsa Edward Gal.

Kada ka raina dawakin Sifen da Fotugal. Tattara jiki, wato gajarta taku da mayar da nauyi kan ƙafafun baya, a jininsu yake, bayansu yana da daɗin zama, kuma Fuego, dokin Sifen, ya nuna a gasar duniya ta Kentaki a 2010 cewa suna iya gogawa da kowa. Inda sukan gaza shi ne faɗin taku.

Launi kuwa, alƙali ba ya ba shi maki ko rabi. Akawal yana ƙara tsada a gwanjo don yana kyau a hoto, shi ke nan. Fari kuma ka sani cewa yawancinsu suna fitar da ƙari a ƙarƙashin wutsiya idan sun tsufa.

Mataki na huɗu: bidiyo da dillali

Bidiyon da aka rage wa sauri, aka sa masa kiɗa, aka yanka shi gunduwa-gunduwa, talla ce. Ka ce a aiko maka wanda ba a yanke ba, mai nuna taku ukun ta hagu da ta dama, da sauyi daga wani taku zuwa wani, da dokin a tsaye a kan daɓe daga gefe da gaba da baya. In tafiya daƙiƙa biyar kawai aka nuna, akwai dalili.

Ka san wanda ke cin la'ada. Kashi 10 cikin ɗari abu ne da aka saba, amma doki yakan bi ta hannun dillalai biyu ko uku kowa ya ɗora nasa. Wanda zai raka ka ya ba ka shawara, kai ka biya shi, kuma ka tambaye shi ƙarara ko mai doki ma zai ba shi wani abu. Gwanjon ƙungiyoyin makiyaya, irin na garuruwan Verden da Vechta a Jamus, yana da kyau ta fuskar cewa ana ba da damar gwada doki kafin ranar, kuma hotunan ƙashi suna nan likitanka ya duba. Illarsa zafin taya: mutum yakan wuce abin da ya yanke tun a gida.

Mataki na biyar: ka riga sirdi isa

Ka ce kana so ka tarar da dokin a ɗakinsa, ba a share shi ba, ba a ɗaura masa komai ba. Ka isa da wuri kaɗan. Idan ka tarar da alamar gumi a gurbin sirdi ko a bayan kunne, an riga an gajiyar da shi.

Tsaya a ƙofa ka yi shiru. Dukushi mai lafiyar kai zai ɗago, ya juyo da kunnuwa, ya zo ya shinshina hannunka. Wanda ya juya maka kuturi ya manne a lungu, ko ya kwantar da kunne, ka riƙe wannan a ranka. Dubi bakin kwamin abincinsa da saman ƙofa: in katakon ya cinye, ka ɗaga leɓensa ka ga ko haƙoran gaba sun side, alamar mai kama abu da haƙori yana haɗiyar iska. Dubi gezarsa da gindin wutsiya ko akwai gurbin susa, domin ƙaiƙayin cizon ƙwari yakan ɓuya lokacin sanyi ya dawo da bazara. Ka shafa bayansa da tafin hannu daga kafaɗa zuwa kuturi, ka ɗaga ƙafafunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya. In ka ɗaga ta baya ya fizge ta sama tana karkarwa, wutsiya na rawa, ko aka ce ya ja da baya ya kasa yi sumul, ka gaya wa likita, akwai ciwon jijiya mai wannan alama kuma ba ya warkewa.

Sannan ka kalli yadda ake ɗaura masa sirdi. Lokacin da aka ja majayi, ya tsaya ko ya kai cizo? Da aka kawo linzami, ya buɗe baki da kansa ko sai da aka yi kokawa? Ka leƙa kusurwar bakinsa da harshensa ko akwai tabo. A diresaj jini a bakin doki yana jawo a fitar da shi daga gasa nan take, harshe a waje kuma yana zubar da maki a kowane motsi. Dokin da aka fara da linzami mai kaifi har bakinsa ya mutu, ko ya koyi ɓoye haɓa a ƙirji don gudun ciwo, gyaransa ya fi fara sabo wuya.

Firgita ba laifi ba ce ga ɗan shekara 3. Abin dubawa shi ne bayan firgitar. Ka yar da rigar sanyinka a ƙasa ka bar shi da ita. Wani zai yi tsalle gefe, ya yi huci, sannan ya miƙo wuya ya dawo ya duba. Wannan shi ake so. Wani kuwa minti goma bayan nan jikinsa na ɓari, ya manta da kai gaba ɗaya. Wannan a filin gasa mai tutoci da lasifika wahala za ka sha.

Mataki na shida: ƙira

A tsayar da shi a kan daɓe mai lebur. Ana son doki mai kamar yana hawa tudu: doron kafaɗa daidai da kuturi ko ya ɗan fi shi, wuya ya fito daga sama, ba daga tsakanin ƙafafun gaba ba. Ɗan shekara 3 da kuturinsa ya ɗan fi tsawo yana iya daidaita, amma wuyan da ya fito ƙasa haka zai mutu. Maƙogwaro ya zama da sarari don ya iya sunkuyar da kai ba tare da ya shaƙe ba. Ƙugu, wato tsakanin ƙarshen sirdi da kuturi, ya zama gajere mai faɗi, domin ta nan ƙarfin baya ke wucewa gaba.

Ƙafafun baya su ne jarin dokin diresaj, don duk horon ƙoƙari ne na mayar da nauyi kansu. Gwiwar baya da ta miƙe sosai, haɗe da idon sawu da ke lotsawa ƙasa idan ya taka, alama ce da likitoci suka danganta da ciwon jijiyar da ke riƙe idon sawu, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe wa dawakin diresaj aiki. Wannan ƙira ko kyauta ce ka yi tunani. Kofatai su zama biyu-biyu iri ɗaya. Ɗaya tsukakke mai tsayi, ɗaya faffaɗa mai kwanciya, abin tambaya ne. 'Yar karkata kaɗan a ƙafar gaba ba ta hana aiki.

Tsayi daidai da mahayi. Yawancin dawakin gasa suna tsakanin santimita 165 da 175, kuma wanda ya wuce haka sosai yakan daɗe bai haɗa jikinsa ba.

Mataki na bakwai: taku uku

Fara da tafiya, kuma ka ba ta lokaci fiye da yadda mai doki yake so. A ja shi da sakakkiyar igiya a kan daɓe, ka rufe ido ka saurara. Sauti huɗu za ka ji, tazararsu ɗaya: ɗaya, biyu, uku, huɗu. In ka ji biyu-biyu suna haɗuwa, buɗe ido ka duba daga gefe. Ƙafar gaba da ta baya na gefe guda suna tashi kusan tare, irin tafiyar raƙumi? Wannan aibi ne babba a diresaj, ko da a wani wurin ana sha'awarsa don daɗin zama. Alƙalai suna ba shi maki ƙasa da 5, kuma a Grand Prix makin tafiya ninki biyu ake lissafa shi. Gyaransa da wuya, kuma yakan dawo duk lokacin da doki ya tsorata.

Daga nan ku koma kan yashi da aka share. Bi sawunsa ka duba: kofaton baya ya sauka gaban gurbin na gaba da kamar faɗin kofato ɗaya ko biyu, kafaɗa tana buɗewa, kai yana kaɗawa, bayan duka yana motsi. Tafiya mai faɗin da ya wuce misali, wadda ake yi wa kirari a gwanjo, ita ce ta fi saurin lalacewa ranar da aka ce a gajarta ta. Matsakaiciya mai tsabta ta fi.

Sai ƙaramar sukuwa, mai sauti uku da ɗan lokacin da ƙafafu huɗu duk suke sama. Kusan rabin wahalar Grand Prix a nan take: juyi a kan ƙafafun baya, sauya ƙafa a iska sau 9 bayan kowane taku biyu, da sau 15 a kowane taku. Dokin da ba shi da ita daga haihuwa ba zai same ta a makaranta ba. A sake shi a fili ba mahayi, ka zuba ido a ƙafar baya ta ciki. Tana shiga can ƙarƙashin ciki? Akwai rata tsakanin ƙafafun baya biyu, ko tare suke tsalle? Gabansa yana tashi a kowane taku ko yana nutsewa ƙasa? Idan ya iso kusurwa, yana tattara kansa ya juya, ko sai ya faɗa sassarfa ya jingina da bango? Idan ya sauya hanya, ka ga ko zai sauya ƙafa gaba da baya a lokaci guda ba tare da ya yi tunani ba. Dukushin da ke yin haka yana wasa ya ba ka amsar da ta fi kowace takarda. Wanda kuma yake yawan gudu da gaba a ƙafa ɗaya baya a wata, ko dai rashin ƙarfi ne ko ciwo.

Sassarfa ta zo ƙarshe da gangan. Idan aka kaɗa wa dukushi bulala mai leda a ƙarshenta, ya ɗaga wutsiya, ya yi huci, kowane doki zai yi shawagi na minti biyu. Wannan tashin hankali ne, ba shi za ka samu a gida ranar Talata da safe ba. Jira ya huce, wutsiya ta sauka, sannan ka duba. Kada ƙafar gaba da ke harbin iska ta ɗauke maka hankali, ka kalli baya: gwiwar baya tana lanƙwasa da sauri tana shiga ƙarƙashi, ko tana jan ƙasa a bayansa? Bayan yana lilo ko ya sandare? Abin da ya fi nuna gobe shi ne lokacin da ya rage gudu. Dokin da ke zuwa ƙarshen fili ya ɗan zauna a kan kuturi, takunsa ya gajarta amma bai mutu ba, shi ne ke ɗauke da irin sassarfar nan ta tsaye wuri guda da ake nema taku 12 zuwa 15 a Grand Prix. Sassarfa mai maki 6 da rabi, in baya na aiki, ƙarfi da horo suna kai ta 8.

Mataki na takwas: hawa

Mai doki ko yaronsa ya fara hawa, kai kana kallo. In suka ƙi, kai ma kada ka hau. Bayan ya gama nuna abin da yake so, ka ce:

"Don Allah a sakar masa linzami gaba ɗaya, ya yi sassarfa a haka."

Dokin da aka fara da kyau zai miƙa wuya gaba da ƙasa yana neman hannu, saurinsa bai canja ba. Wanda hannu ne ke riƙe da shi zai ɗaga kai ya ruga, ko ya bar haɓarsa a ƙirji kamar ba a saki komai ba.

In ka hau, abu kaɗan za ka nema: ka taɓa da ƙafa ya tafi, ka zauna ka rufe yatsu ya dawo, ka juya hagu da dama. Kowane dukushi yana da gefen da ya fi masa tauri, wannan ba komai. Gwada masa abin da bai sani ba, kamar ya matsa gefe taku biyu daga ƙafarka. Ba iyawar ake dubawa ba, yadda yake ɗaukar rashin fahimta ake dubawa: ya gwada wani abu, ko ya toge, ko ya miƙe tsaye? Mai miƙewa da ƙafafun baya kada a saye shi. Ka fita da shi waje, ka raba shi da sauran dawaki, ka ga ko zai tafi. Ka kuma tambayi bayanka: za ka iya zama a wannan sassarfa kullum? Da yawa sun sayi takun da ba su iya zama a kai ba, suka koma riƙe kansu da linzami, dokin ya lalace.

Ka dawo washegari ka sake hawa. Mai gaskiya ba ya hana gani na biyu. Wanda ya ce wani na zuwa da kuɗi da yamma, ka ce Allah ya sa albarka.

Mataki na tara: likita

Likitan da kai ka ɗauka, kai za ka biya, ba na bargar mai doki ba. Ka kasance a wurin in da hali. Zai duba ido da zuciya da huhu, ya karanta ɗan guntun lantarkin da ke wuyan dokin ya gwada da fasfonsa, ya sa a yi sassarfa da shi a miƙe a kan daɓe. Zai lanƙwashe kowace ƙafa ya riƙe kamar minti ɗaya, ya saki, a ruga da dokin nan take a ga ko zai yi ɗingishi. Zai sa a zagaya da shi da doguwar igiya a ƙasa mai tauri da mai laushi, domin ƙaramin ɗingishi a da'ira yake fitowa. Zai sa a gajiyar da shi ya saurari numfashi. Dogayen dawaki sukan samu shanyewar gefen hagu na maƙogwaro, sai ka ji suna gurnani ko fito idan suna gudu, kuma bututu mai kyamara ne ke tabbatarwa.

A Jamus ƙa'idar hoton ƙashi ta 2018 hotuna 18 ce. Ta daina raba dawaki aji ɗaya zuwa huɗu kamar ta 2007, don haka in dillali ya ce maka "aji ɗaya ne", ka ce a turo hotunan kansu. Hotunan baya da wuya ba sa cikin 18 ɗin, sai ka nema. Abin da aka fi samu a matasa shi ne ɓallin guringuntsi ko ƙashi a cikin gaɓa, wanda ake kira OCD, a gwiwar baya ko idon sawu ko gaɓar cinya. Wani ana cire shi da ƙaramar tiyata doki ya yi aikinsa har tsufa, wani kuma, musamman a gaɓar cinya, yana da haɗari. Ka tambaya ko an taɓa yi masa tiyata, a rubuta amsar. Ƙasusuwan baya da suka matsu da juna suna tsorata masu saye, amma dawaki da yawa suna da su a hoto ba sa jin komai, sai a haɗa hoton da abin da hannu ya ji da abin da aka gani a ƙarƙashin sirdi. Jijiya ba ta fita a hoton ƙashi. In ƙirar ƙafar baya ta ba ka shakka, a yi mata sikanin.

Da wuya a samu dokin da hotunansa suka fita tas. Tambayar da za ka yi ita ce: "Likita, wannan abin da ka gani, zai hana shi aikin da nake so nan da shekara takwas? In kuma na tashi sayarwa, zai kashe min kasuwa?" Amsoshin biyu sukan bambanta, kuma kamfanin inshora yana iya cire duk gaɓar da aka rubuta wa wani abu daga abin da zai biya.

A ɗebi jini a ranar a ajiye. Ana riƙe shi kamar wata shida, in doki ya zo gida ya rikiɗe ko ya fara ɗingishi, a gwada ko an ba shi maganin kashe ciwo ko na kwantar da hankali. In goɗiya ce ko ingarma kuma kana tunanin kiwo, a yi gwajin WFFS, cutar gado da ke sa a haifi ɗa mai fata mai yagewa. Mai ɗauke da ita lafiyarsa lau, matsalar sai an haɗa biyu masu ɗauke da ita. Ga wanda ba kiwo zai yi ba, fiɗiyayye ya fi sauƙin zama da sauƙin tafiya gasa.

Mataki na goma: ciniki

Kafin alƙalami ya zama da sharaɗin cewa za a mayar maka in likita bai gamsu ba, kuma a rubuce. Takardar ciniki ta ƙunshi sunan mai dokin na ainihi, lambar guntun lantarki, cikakken kuɗi, la'adar kowa, abin da mai sayarwa ya faɗa game da tiyata da magani da munanan ɗabi'u, da ranar da alhakin dokin ya dawo wuyanka. Ka karɓi fasfo da takardar mallaka tare da dokin. Inshora ta fara aiki ranar da ka biya, tun kafin ya hau mota, domin doguwar tafiya kan jawo wa dawaki zazzaɓin huhu da ciwon ciki. Ka karɓo bayanin abincin da yake ci da buhu ɗaya ko biyu na irinsa, a sauya masa a hankali cikin mako biyu, a kuma riƙa auna zafin jikinsa safe da yamma a makon farko. Na lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, in ya haura haka a kira likita.